Azumin da Na Mayar da Dokin Baba

Bana azumi ya sake faɗowa a ƙarshen sanyi. Da asuba ka ja bargo, kafin azahar kana neman inuwa. Rabona da ganin azumi a irin wannan lokaci tun ina da goyon fari, shekara talatin da 'yan kai ke nan. Sai ga shi kuma ya zo da abokin tafiyarsa na wancan karon, wato ciwon tarin dawaki.

Autana Kabiru ne ya shigo mini da labarin, waya a hannu kamar kullum. Dawaki biyu gare shi, yana bayar da su haya in ana hawan angwanci.

"Hajiya, an ce mura ta ɓulla a dawakan wajen Kura. Na kira likita, gobe zai zo ya yi musu allura. Daga yau ba mai shigo mana barga."

Haka ya faɗa, kamar mai cewa an kawo wuta. Ya ɗauki daro ya cika da ruwa, ya tsiyaya maganin nan mai warin asibiti da ke mayar da ruwa fari kamar nono, ya kai bakin kwalbatin ƙofar gida ya ajiye. Na bi daron da kallo. A daidai wurin nan na taɓa tsayawa na hana mahaifina shiga gidana, na kuma ƙare azumi ban san ko zai sake kirana 'yarsa ba.

A lokacin garin nan bai koma shinkafa zalla ba. Ruwan madatsar Tiga na zuwa ta kanal, a sake shi layi-layi, kowa ya san ranarsa. Da sanyi alkama ake yi da tumatir da albasa, mu kuwa na gefen fadama rake ne abincinmu. Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, mazarƙwaila yake yi. Injin matsar yana bayan gidanmu, ƙarfe ne mai haƙora da doguwar sanda a kansa. A ɗaura wa doki sandar ya yi ta zagayawa, ana cusa rake ruwan na zuba. A tafasa ruwan a manyan kasake har ya yi kauri, a zuba a ƙananan tasoshi ya daskare. Wankin tasoshin nan da jera su aikina ne. Abin da aka samu daga yankan rake zuwa faɗuwar damina, shi ne cinmu da suturarmu na shekara.

Dokin da ke jan injin baƙi ne wuluk, sunansa Akawal. Ban taɓa ganin dabba mai mugun hali irinsa ba. Ga cizo, ga harbi, har zanen fitata ya taɓa fizga daga kan igiya ya yaga. Saboda faɗansa ba a kai shi mashaya a bakin kanal, inda dawaki da jakan gari ke haɗuwa da yamma. A gida ake ɗebo masa daga rijiya, kuma yawanci ni ce mai ɗebowar, ina jan guga ina yi masa Allah-ya-isa a zuci. Ashe baƙin halin nan ne zai tsare shi.

Saura kwanaki a ga wata jakai suka fara tari. Tari ne busasshe, kamar ana daka turmin da ba komai a ciki. Da farko daga gida ɗaya ake jiyo shi, kafin a ɗauki azumi ya zagaye gari. Jaki ya tsaya kai a ƙasa, hanci na zuba, a ajiye masa dusa ya kau da kai. Daga nan cutar ta faɗa wa dawakan sauran masu mazarƙwaila. Wani maƙwabcinmu ya ga rakensa a yanke, ya ce ai mura ce kawai, ya ɗaura dokinsa a inji da zazzaɓin a jikinsa. A cikin zagayen ya durƙushe, bai sake tashi ba.

Yaran yanzu da suka buɗe ido suka ga babur mai ƙafa uku ba za su gane ba, amma a wancan zamani in jaki ya kwanta, gari ne ya kwanta. Ba mai kai taki gona, ba mai kawo itace, ba mai fito da kwandunan tumatir bakin titi. Tumatir ya nuna ya fashe a gindinsa, in iska ta juyo da rana sai ka toshe hanci. Albasa ta taru a gona ana rufe ta da ciyawa. Itacen girki ya yi wuya har muka koma kara da busasshiyar tukar rake, mai hayaƙin da ke sa ido ruwa. Ga alkama ta fara ja, tsuntsaye sun yi mata caa, masu kora kuma suna azumi, muryarsu ba ta fita.

Ana haka malamin dabbobi ya zo daga Kura, wani siririn mutum a kan tsohon babur. Ni ina bayan zana ina jin su. Malam ya miƙa masa hannu, ya ƙi karɓa.

"Ka yi haƙuri, Malam, daga wurin marasa lafiya nake. Fito da dokin in gan shi daga nan."

Aka fito da Akawal yana tirjiya, yana neman wanda zai ciza. Malamin ya yi dariya.

"Wannan lafiyarsa ƙalau. Amma fa ka riƙe shi. Cutar nan a numfashi take tafiya. Tana bin bokiti, tana bin ragama, tana bin hannun mutum da rigarsa. Mutum ba ya kamuwa, saniya ba ta kamuwa, amma mutum na ɗauka ya kai."

"To, allura fa?" in ji Malam.

"Akwai ta a duniya, amma ba ta iso mu ba. Kai dai allurarka danga ce. Kada doki ko jaki ya ƙetaro kwalbatin nan. Ko na wane ne."

"Ko na wane ne?"

"Ko na wanda ka fi jin kunya ne."

Malam mutum ne mai sanyi, har nakan yi masa mita cewa kafin ya yanke shawara tuwo ya huce. Amma ran nan kafin la'asar shi da ƙannensa sun zagaye barga da wurin matsa da dangar kara. Aka ware wa Akawal bokitinsa. Aka ajiye daro a bakin kwalbati, da sabulu a kan dutse. Mutanen gari kuwa suka samu abin yi. In Malam ya fita masallaci sai a ce, "Malam, yaya amarya? An ce ka sa doki a lalle." Ya yi murmushi ya wuce.

Tsokanar ba ta daɗe ba. Rake in an yanke shi ba ya jira, kwana kaɗan ya yi tsami, in an dafa ba ya daskarewa. Waɗanda dawakansu suka kwanta ga rake jibge, ga azumi, lokacin da kowane gida ke neman abin zaƙin kunu. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa bakin kwalbati suna sallama. Malam bai mayar da kowa ba. Ya ce a kawo, amma a ka ko a amalanken shanu. Mai shiga ya tuɓe rigar sama ya rataye a danga, ya wanke hannu, ya tsoma ƙafa a daro. Wanda ya taɓa jaki ko doki a ranar, ya tsaya daga waje ya miƙo. Dattawa masu furfura na gani suna tsoma ƙafa suna ƙunƙuni, amma sun tsoma.

Haka azumin ya miƙa. Ana idar da sallar asuba a ɗaura Akawal tun da sauran sanyi, hancinsa na fitar da tururi. Sandar ta riƙa ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ, har cikin ɗakina. Rana na ɗagawa a kwance shi a kai inuwa, don Malam ya ce doki ɗaya ne ya rage wa gari, ba za a kashe shi da aiki ba. Sai maza su koma kan kasake. Wayyo, wannan tsayuwar! Wuta a ƙasa, rana a sama, ƙamshin zaƙi na shiga hancin mai azumi. Leɓunansu su bushe su yi fari, ba mai iya dogon zance. Ni kuma ina tsakar gida da goyo a baya, ina wanke tasoshi, hannuna na danƙo, ƙudan zuma na bina. Sau nawa na kai yatsa kusa da baki sannan na tuna. Bayan la'asar a sake ɗaura Akawal kaɗan. In an kusa shan ruwa matan maƙwabta su aiko da kunu da ƙosai da ɗan abin da ya samu, a shimfiɗa tabarma a waje da danga, kowa ya sha. Ba yalwa a shekarar, ƙosan ma ƙanana ne don wake ya yi tsada. Amma ban taɓa shan kunu mai daɗin na azumin nan ba.

Duk wannan kuwa akwai abin da ke cin raina, ban faɗa wa kowa ba. Juma'ar farko ta azumi na matsowa.

Sunan mahaifiyar Baba na ci, Hauwa'u, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake ce mini tun ina rarrafe. Garinmu yana can tsallaken kanal wajen Bunkure. Baba manomi ne, ba mai kuɗi ba, amma mutumin doki ne na gidi. Yana da wani fari, Kili, da ya rena tun yana ɗan duƙushi. In Baba zai je gona, a kan Kili. In zai je ta'aziyya bayan gari, a kan Kili. Inna takan ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ƙurar hanya a ƙafarsa ba. Kuma ya ɗora wa kansa al'ada, duk Juma'ar farko ta azumi ya yi salla a Kura, ya biyo ya sha ruwa a gidana. Yakan ce, "Zan je in sha kunun uwata."

Malam kuwa kunyar Baba yake ji irin ta mutanen da. Tun daga nesa zai tuɓe takalmi. Shi zai ruga ya riƙe likkafa Baba ya sauka, shi zai ja Kili da hannunsa har barga, ya matsar da Akawal gefe, ya ɗauki bokitin Akawal ya fara ba baƙo. Bai taɓa haɗa ido da Baba ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Mun aika da saƙo ta bakin wani mai zuwa kasuwa cewa bana a zo ba doki. Ko bai isar ba, ko ya isar Baba ya ɗauka wasa ne, oho.

Ranar Juma'ar, ƙanen Malam ya dawo daga masallaci a kan keke yana haki. Ya ce ya ga Baba a Kura, ya ga Kili ɗaure, hancinsa na zuba, yana tari.

Malam ya shigo ɗakina ya zauna a bakin gado.

"Kulu," ya ce, don haka yake kirana, "bakina ba zai iya ba. Na san kaina. In ya iso, kafin in yi tunani hannuna ya kama linzamin."

"To, a bar Kili ya shigo ke nan?"

"In ya shigo, Akawal ya kwanta. Ga raken mutane a bayan gida."

Haushi ya kama ni, wallahi. Na ce a raina, ga maza cike da gida, amma ni za a tura. Sai dai na san gaskiya ya faɗa. A duk garin nan ba wanda zai iya buɗe baki ya ce wa Baba tsaya, sai wadda yake kira uwarsa.

"Tashi ka koma wurin matsa," na ce. "Kada ka fito, ko me ka ji."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa fita ƙofar gida da rana ba sai da dalili mai ƙarfi. Na sa ƙanen Malam ya kai sabon bokiti da ruwa da damin harawa gindin wata tsamiya da ke can tsallaken hanya. Na gyara goyona, na yafa mayafi, na fita na tsaya a bakin kwalbati kusa da daro. Rana ta yi sanyi, inuwa ta yi tsawo. Ga yunwa, ga tsoro.

Daga nesa na hango farin doki a kan gaɓar kanal. Ba tafiyar Kili ba ce da na sani, mai rangwaɗa. A hankali yake tahowa, kai a sunkuye. Baba ya hango ni, fuskarsa ta washe.

"Uwata! Yau ke ce da tarya har waje? Ina maigidan?"

Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi jikansa. Sai Kili ya yi tarin nan, turmin da ba komai a ciki. Daga bayan gida Akawal ya jiyo ɗan'uwansa, ya yi haniniya.

"Baba, ka yi mini rai," na ce, kaina a ƙasa. "A ɗaure Kili a gindin tsamiyar can. An kai masa ruwa da harawa. Kai ka wanke hannu ka shigo, kunu na nan na dama."

Ya waiga ya dubi tsamiyar, ya dube ni.

"Can? Inda 'yan kasuwa ke ɗaure jakai?"

"Malamin dabbobi ne ya ce. Ciwon nan yana yaɗuwa, Baba. Akawal kaɗai ya rage a garin nan."

"Sanyi ne ya taɓa shi. Na ba shi kanwa, na yi masa turare. Ni za a koya wa doki?" Muryarsa ta sauya. "Shi ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"To, matsa."

Ban matsa ba. Ban san inda na samo ƙarfin ba, na dai ji gwiwoyina sun kafe a ƙasa a tsakiyar kwalbatin, inda doki ba zai wuce ba sai ya taka ni. Mutanen da ke zaune a kan tabarma suna jiran shan ruwa duk suka kau da kai. Wannan ne ma ya fi yi wa Baba ciwo, na sani, a gaban mutane aka yi.

Sannan ya kwance 'yar jakar da ya ɗauro mini, gero ne da tsamiya, ya sake ta ta faɗi ƙasa.

"Inda dokina bai shiga ba, ni ma ba na shiga."

Ya juya Kili. Na miƙe na bi shi ina kuka, ina cewa, "Baba, rana ta kusa faɗuwa, ko ruwa ka tsaya ka sha." Bai waigo ba. Ya ce, "Ke, koma gida."

Ke. Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini haka ba. Aka kira salla ina tsaye a kan hanya.

Washegari sandar inji ta ci gaba da ƙara kamar ba abin da ya faru. Zafi ya riƙa ƙaruwa, sanyin asuba na ja da baya. Aka shiga goman wuya, aka fara yankan alkama, mata na sussuka a cikin gidaje da baki a bushe. Akawal na nan da halinsa, ya ciji ƙanen Malam a kafaɗa, kowa ya ce alhamdu lillahi, alamar lafiya ce. Ni kuwa duk lokacin da na ɗebo masa ruwa sai in tsaya in dube shi in ce, "Kai ka san abin da ka ja mini kuwa?" Ya zura baki ya sha abinsa.

Labari ya zo cewa Kili ya kwanta. A al'ada Malam ne zai fara zuwa dubiya, amma shi ke riƙe da Akawal safe da yamma, ba dama ya shiga bargar mara lafiya ya dawo. Laifi ya zama biyu. Na ƙulla mazarƙwaila mafi kyau, masu hasken nan, na aika. Inna ta karɓa, ta aiko cewa in yi haƙuri, Baba bai taɓa ta ba, kuma ba a ambaton sunana a gabansa. Ana cikin goman ƙarshe aka aiko cewa Kili ya mutu. Malam ya shiga barga ya daɗe bai fito ba, da ya fito idonsa ja. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne tafiyar nan ta komawa, doki da zazzaɓi, tsoho da azumi. Da za a maimaita, da na sake durƙusawa a wurin. Amma sanin haka bai taɓa rage mini zafin ba.

Kafin Salla tari ya fara ja da baya a gari. Jakan da suka rayu suka fara ɗaga kai, ramammu, ƙasusuwa a waje. Malamin dabbobi ya sake biyowa ya ce kada a yi gaggawa, a bar danga tukuna, waɗanda suka tashi kuma a bar su su huta sosai kafin a ɗora musu kaya. Raken mutane duk an matse, ba wanda nasa ya yi tsami bayan an kafa dangar. Aka yi Salla ba kwalliyar kirki. Na yi tuwo, na yi miyar taushe, na raba wa maƙwabta, ina yi ina share ido. Malam ya ce in an kwana biyu zai yi wanka ya sauya kaya ya kai ni gida, ko Baba zai kore mu mu je.

Ba mu kai ga zuwa ba. Washegarin Salla da hantsi ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji sallama daga waje, da muryar da ko a cikin barci na san ta. Na saki rariya na fita ko mayafi ban yafa daidai ba.

Baba ne tsaye a bakin kwalbati, bayan daro. A ƙasa. Na duba bayansa ina neman abin hawa, babu. Ƙafafunsa sun yi futu-futu har ƙwauri, ya taho tun daga garinmu a ƙafa. Ya rame, sai na ga ashe gajere ne, ni da na saba ganinsa daga sama.

Na durƙusa a gabansa.

"Na yi wanka kafin in fito," ya ce. "Rigar nan ta Salla ce, ba ta shiga barga ba. Takalman ma na aro ne."

Ya dubi ruwan daron.

"Ran nan da na bar nan, gidan Alhaji Bawa na sauka na sha ruwa."

Alhaji Bawa amininsa ne tun suna yara, gidansa na kan hanya.

"Shi ya karɓe ni yadda ake karɓar baƙo. Ya ja Kili da hannunsa, ya ɗaure shi kusa da goɗiyarsa mai ɗan jariri. Goɗiyar ta tashi. Ɗan bai tashi ba. Jiya ya zo mini barka da Salla, bai ce mini komai ba. Da ma zagina ya yi."

Ya tuɓe takalman aron, ya tsoma ƙafa ɗaya a daro, ya tsoma ɗayar, ruwan ya yi ja da ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauki sabulu ya wanke hannu har gwiwa, a hankali, kamar mai alwala. Sannan ya miƙe, bai ƙetaro ba.

"Uwata, in shigo?"

Ban san amsar da na ba shi ba. Na dai san Malam ya fito a guje ba takalmi, ya iso ya miƙa hannu inda likkafa ta saba kasancewa, ya tarar ba abin riƙewa, sai ya durƙusa kawai. Baba ya dafa kansa. Ya ce a nuna masa Akawal, amma daga nesa. Ya tsaya a bakin danga yana kallon baƙin dokin nan yana tattaka ƙasa, ya daɗe, sannan ya ce, "Mummuna da shi. Allah ya raya." Ran nan ya sha kunun da na dama da geron da ya yar mini a ƙasa, don na ɓoye shi ban taɓa ba.

Baba bai sake ajiye doki ba. Daga baya ya sayi keke, ya koya da tsufansa, yana faɗuwa yara na dariya. Amma har ya bar duniya, duk zuwan da zai yi gidan nan, da daro ko ba daro, sai ya tsaya a bakin kwalbatin ya ɗaga murya ya ce, "Uwata, in shigo?" Ban taɓa sanin ko tsokana ce ko har lokacin da sauran ciwo ba. Ban kuma tambaya ba.

Yanzu inda injin yake a da Kabiru ya yi bargarsa ta bulo. Raken ma an daina, shinkafa ce har bakin danga. Yau da safe na ji shi a waya yana ce wa surukinsa, "A'a, Alhaji, ba za a shigo da doki ba sai an gama allura ta biyu, ko shi ma sai ya yi kwanaki a ware." Daga can aka ce to, shi ke nan, suka koma zancen farashin taki. Na riƙe haɓa ina kallonsa.

Da hantsi likitan ya iso a kan babur, da 'yar akwatin sanyi ɗaure a baya inda allurar take. Saurayi ne, sa'an Kabiru. Kabiru na can barga yana kama dawaki, ni kaɗai ce a zaure ina jan carbi. Na ga ya kafe babur a gindin tsamiyar, ya taho a ƙasa. Ya tsaya a bakin daro, ya tsoma takalman robarsa ɗaya bayan ɗaya, ya wanke hannu. Sannan ya ɗago ya hango ni.

"Hajiya, in shigo?"

Sai da ya maimaita, yaron mutane, yana ta tsaye a rana da akwatinsa, kafin muryata ta fito.